Wa Ya Koya wa Lemonmu Zaƙi?

Ya sanyin idona, ya inuwar da nake gudu zuwa gare ta idan rana ta take, ya ruwan farko a kan ƙasar da ta gaji da jira! Ya matata, uwar 'ya'yana, Malamata da ba ta taɓa ɗaga mini bulala ba amma har gobe nake shakkar jan bironta!

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai ga fuskarki ba. Yaya gida, yaya yara, yaya 'yan ajinki masu hana ki sakat? Ni dai ina nan lafiya a bakin gadar da muke ginawa, ina haɗa ƙarfe da ƙarfe daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Tartsatsin walda na cin hannun rigata, kewarki na cin wanda ke cikin rigar.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Na gwada wayar jiya. Na hau tudun nan da muke hawa neman sabis, na kira, kika ɗauka, kika ce "Maigida," da muryar nan taki mai sanyin ruwan randa, sai duk tambayoyin da na jera a baki suka watse kamar tsuntsayen da aka jefa wa dutse. Na sauko ina murmushi ni kaɗai kamar wawa, ban tambayi komai ba. Takarda kuwa ba ta da murya. Saboda haka ki nemi wuri ki zauna, ki ture littattafan yara gefe, yau ke za a yi wa tambaya.

Kwalin lemon da kika ba ƙanena direba ya iso lafiya. Da ya sauke shi a ƙofar kwantenar da muke kwana, ya ce daga bishiyar bayan gida ne, sai na yi dariya na juya wajen abokan aikina na ce duk mai gyambon ciki ya matsa can, lemon gidanmu ya zo. Na ba su labarinsa tun tuni, sun san shi kamar sun sha. Na ɗauki guda na ɓare don in nuna musu yadda ake yatsine fuska, na runtse ido tun kafin ya kai baki.

Wayyo, zumar zuciyata! Zaƙi! Zaƙi mai ruwa, mai ƙamshi, wanda ke bin harshe a hankali ya sauka har ƙirji. Kafin in dawo hayyacina sun yi wa kwalin rubdugu, har ogan aiki ya cusa biyu a aljihu yana sa miki albarka. Kowa na murna. Ni kaɗai na koma bakin gado na zauna da ɓarin lemo a hannu.

Don na san bishiyar nan kamar yadda na san tafin hannuna. Ni na sayo dashenta a bakin titi shekarar da muka tare, ni na haƙa ramin, ke kika riƙe ta tsaye ina tura ƙasa. Kin tuna ranar da ta yi ɗan fari? Da la'asar ne, kin dawo daga makaranta ko alli ba ki wanke a hannu ba. Muka zauna a kan tsohuwar tayar nan, na raba shi biyu da wuƙar aljihuna, na ba ki ɓarin da ya fi girma. Kika sa a baki. Na ga idonki ya kawo ruwa, na ga kafaɗunki sun ɗaga har kunne, na ga wuyanki yana kokawa da abin da kika haɗiye. Sannan kika dube ni, kumatunki na hagu ya lotsa, kika ce, "Kai, da zaƙi!" Na gutsuri nawa, sai da haƙorana suka mutu har washegari. Muka yi dariya har kika faɗo daga kan tayar.

A ranar na ƙara son ki ninki ba adadi. Amma a ranar ne kuma na koyi wani abu da ban taɓa mantawa ba: kin iya kallon tsabar idona ki faɗi abin da ba haka ba, idan kina ganin zai faranta mini rai. Kuma kin fi kyau a lokacin da kike yin sa.

Me ban yi wa bishiyar nan ba? Na dama sukari a bokiti na zuba mata, tururuwan unguwa kaf suka tare a gidanmu. Wani ya ce in buga mata ƙusa a gindi, na buga har da kyauta. Na ɗura mata takin zamani har ganyenta ya yi baƙi-baƙi don kore. Na shayar da ita safe da yamma kamar jaririya. Ta yi tsawo, ta yi ƙayoyi kamar mashi, ta yi 'ya'ya jingim, kowanne ya fi ɗan'uwansa tsami. Shekara da shekaru ina lallashinta ta ƙi ni. Na juya baya na tafi neman abinci, damina ta zo ta wuce, wata ta kama hanya, sai ga ta da zuma a baki.

To wa ya lallashe ta?

Da farko na ce a kasuwa kika saya, irin tsokanarki. Har na ji sanyi. Amma da na juya bawon a hannu, sai ga ƙarcen nan siriri da wayar kan katanga ke yi wa duk lemon da ke ɓangaren gabas idan iska ta kaɗa. Ni na ja wayar, na san rubutunta. Lemonmu ne, babu tantama. Sannan na dubi wajen da aka raba shi da reshe. Ke idan za ki tsinki lemo murɗawa kike ki fizga, har bawon ya yage a sama, na yi miki faɗa a kan haka har na gaji. Waɗannan kuwa da almakashi aka yanke su, kowanne da ɗan guntun karansa, yanka ɗaya tsaf, babu gardama. Hannun da ya yi wannan ya saba. Hannun da ya yi wannan yana da haƙuri. Kuma ba hannunki ba ne, farin watana, don na san hannunki a duhu ma.

Na ja ƙanena bayan motarsa na tambaye shi wa ke kula da bishiyar. Ya hau sosa ƙeya yana duba taya da babu abin da ya same ta. Ya ce, "Yaya, ni fa kwali aka ba ni." Na matsa. Ya ce, "To, na dai ga takalmin maza a bakin ƙofar baya, amma don Allah kada ka ce ni na faɗa." Ya faɗa mota ya ba ta wuta, ya bar ni a tsaye cikin hayaƙi.

Na kira yara. Babbar ta yi ta ba ni labarin jarrabawa kamar an kunna rediyo. Da aka ba ƙaramar na ce, wa ke ba lemo ruwa? Ta ce, "Mama ta ce ba yanzu ba." Ba yanzu ba! Har bakin 'ya'yana kin saye, ya kurciyata?

Kada ki tambaye ni yadda na yi kwanakin da suka biyo baya. Babu namijin da ban sa wa takalmin nan ba. Na sa wa mai sayar da furanni na mahaɗar titi, wanda ke kiran kowace mace "'yar'uwa" yana washe baki. Na sa wa malamin aikin gona na makarantarku, mai rigar nan da guga ke tsayawa a kanta kamar wuƙa, wanda kika taɓa cewa yana da ladabi. Ladabi! Na sa wa maƙwabcinmu mai ba da aron tiyo ba a tambaye shi ba. Ina rufe fuska da gilashin walda, maimakon in ga bakin ƙarfe sai in ga wani ƙato a kan tsani yana miƙo miki lemo, ke kina ƙasa kin tara zani kina dariyar nan da nake zaton tawa ce ni kaɗai. Wa ya ga lotsawar kumatunki? Wa kika kawo wa ruwa a kofina? Wa ya zauna a kan tayarmu? Na ɓata haɗin ƙarfe da ko ɗan koyo ba zai ɓata ba, har oga ya cire mini gilashin da hannunsa ya ce in je in warware abin da ke damuna kafin in jefa mutane a kogi.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba, ko kuma nake zaton ba ki sani ba. Na zo gida. Ranar Larabar makon jiya.

Motar siminti na bi. Na sauka da hantsi, lokacin da na tabbata kina aji, yara ma suna makaranta. Ban bi ta gaba ba. Na zaga ta lungu kamar ɓarawon gidan kaina, na buɗe ƙofar baya da makullina.

Da ƙyar na gane bishiyar. Manyan rassan nan masu ƙaya da nake alfahari da su, waɗanda suka tashi tun daga ƙasa suka wuce katanga, duk babu su. An yanke su daf da gindi, wajen yankan har ya warke. Abin da ya rage shi ne karkataccen reshen nan da na raina, wanda ke leƙe ta gabas, yanzu ya buɗe ya yi rassa, rana na ratsa shi ta ko'ina, lemo na reto a jikinsa jawur. An share gindin, an yi masa da'ira mai faɗi daidai inda inuwa ta tsaya, an shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai, amma an bar tazara tsakaninta da jikin itacen. Na tura yatsa ƙarƙashi, na ji ruɓaɓɓen taki da ɗan burbushin toka. Ƙusoshina duk an zare. Har reshen darbejiyar maƙwabci da ke tare mata hasken safe an sa an rage. Aikin ya yi kyau, sai na ji na ƙara tsanar mai shi.

Ga takalmin kuwa a bakin ƙofa. Baƙi, sau-ciki, an taka bayansa.

Sai na ji tari daga cikin gida. Ba daga waje ba, ya hasken raina, daga ciki! Na faɗa sito na ja ƙofa, na tsuguna tsakanin tsofaffin rodi da buhunan gawayi, na sa ido a kafar ƙyaure. Hannuna ya faɗa kan wani guntun bututu, kuma ba zan ɓoye miki ba, ban sake shi ba.

Ƙofar ɗakin da nake ajiye kayan aikina ta buɗe. Mutum ya fito a hankali, yana dafa bango. Farar singileti, farin gashi, wuya ya zama siriri. Ya zura takalmin, ya jawo tsanin katakon nan namu mai rawa, yana ja yana hutawa. Ban gane fuskar ba sai da ya tsaya ya gyara tabarau da ɗan yatsa ɗaya, ya ɗaga haɓa ya dubi bishiyar kamar yana duban ma'aikacin da ya makara. Wannan kallon na san shi. An taɓa yi mini shi.

Mahaifinki.

Mahaifinki, babban ma'aikacin da ya yi ritaya ya koma lambunsa, wanda ya ce bai yi wahalar karatunki don mai ƙona ƙarfe ba. Mahaifinki da ya tako gidan nan sau ɗaya tak, da aka haifi babbar, ya ɗanɗana lemonmu ya tofar a gaban baƙi, ya ce mutumin da ya kasa da bishiya ɗaya ina zai iya da iyali, kuma ƙafarsa ba za ta sake taka nan ba. Ni kuma na ce masa ƙofar gidan da hannuna na ƙera ta, ta san wanda take buɗe wa. Kina tsaye da jaririya a kafaɗa kina kallonmu. Tun daga ranar ke kike zuwa wajensa, ni ko sunansa ba na kamawa.

Na ajiye bututun a hankali, kunya ta rufe ni har tafin ƙafa.

Ya jingina tsanin, ya sa almakashi a aljihu, ya fara hawa. Tsanin ya yi ƙara ya gyaɗa. Ya tsaya a tsakiya, bai waiwayo ba, ya ce, "Kai na cikin sito, in ka gama leƙen ka zo ka riƙe mini tsani."

Na fito da gawayi a gwiwa. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ina kwana." Ya ce, "Lafiya. Riƙe da kyau." Shi ke nan gaisuwar shekaru.

Na riƙe. Yana yanka yana miƙo mini, yana magana da rassan kamar ba da ni yake ba. Ya ce bishiyar 'yar aure ce: an ɗauko reshen lemon zaƙi an ɗaura a kan gindin mai tsami don gindin ya fi jure ƙasa. Ya sa na duƙa na ga wani kumburi a ƙasan itacen, ya ce nan ne gurbin auren, duk abin da ya tofo ƙasa da nan ɗan gindi ne, tsami zai haifa ko da zuma ake shayar da shi. "Su ne ka yi ta kiwo," in ji shi, "suka danne na kirkin." Ya ce takin da nake ɗura mata na ganye ne, yana kumbura bawo ya bar ciki salam. Ya ce ruwa a ƙoshar da ita sannan a bar ƙasa ta sha iska, kuma idan 'ya'ya sun kusa nuna a ɗan janye hannu, in ba haka ba ruwan ya tsinke zaƙin. Ya ce idan ta yi 'ya'ya da yawa a rage mata tun suna ƙanana. Ya ce lemo ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, launi kuma ba shaida ba ne, a ɗanɗana guda, in bai kai ba a bar sauran su ƙara kwana a sama. "Ku kuwa da kun ga ya fara ja sai ku far masa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, lambunka fa? Wa ke kula da shi?"

Almakashin ya tsaya. Ya daɗe yana kallon wani ganye. Sannan ya ce, "Shaguna ne yanzu. Yayan matarka ya ga haka ya fi." Ya ci gaba da yanka.

Da na taimaka masa ya sauko, na ji nauyinsa a hannuna, bai fi na babbar 'yarmu ba. Na raka shi ɗakin. Kayan aikina an jera su tsaf a kusurwa an rufe da buhu. Ga gadon ƙarfen da na ƙera wa yara, ga sanda, ga ƙaramar rediyo, ga kwalaben magani a kan taga, ga hoton marigayiya mahaifiyarki a jingine da bango. Labulen ma ke kika ɗinka, na gane ɗinkin. Wannan ba ɗakin baƙon kwana biyu ba ne. Mutum ya zauna a nan har ƙafar gadon ta yi gurbi a ledar ɗakin.

Na ce, "Tun yaushe?" Ya ce, "Wannan tsakaninka da matarka ne." Na ce motar da ta kawo ni za ta juya da azahar. Ya ce, "In ce ka zo?" Na ce a'a. Ya gyaɗa kai. Har na kai bakin ƙofa ya ce, "Ƙofar gaban nan ba ta yi tsatsa ba." Na jira ƙarin bayani, ya kunna rediyonsa.

Na tafi ban jira ki ba, domin ban yarda da harshena ba a ranar. Tun daga nan nake juya maganar nan a raina kamar ƙarfe a wuta, kuma ga inda na tsaya.

Ina zargin ki, ya furen da ƙamshinsa ke riga shi isowa. Ina zargin kwalin nan ba kyauta ba ce, ƙugiya ce. Kin san ba zan sha lemon nan in kwanta lafiya ba. Kin san zan duba bawo, zan duba kara, don kin san irin mijin da kike aure. Ina zargin ƙanena bai yi suɓutar baki ba, karatu aka ba shi ya haddace, har da sosa ƙeyar. Tun yaushe ya iya lura da takalmi, mutumin da ke fita da silifa kala biyu? Ina zargin hatta ranar da zan zo kin ƙiyasta, shi ya sa aka bar sito babu kwaɗo, ke da ba kya barin ko akwatin ashana a buɗe. Kuma muryar nan ta jiya, "Maigida," sumul babu ko gargada: shin ba ki san na zo ba ne, ko kin sani kina jira in fara? Tsohon ya riƙe mini sirri, ko kun zauna ku biyu kuna dariyar gawayin gwiwata? Gida ɗaya, mutum uku, kowa na ɓoye wa kowa abin da kowa ya sani!

Shi ma ban sake jiki da shi ba, kada ki ɗauka. Bai ce in yi haƙuri ba, ni ma ban ce ba. Har yanzu ina auna maganar ƙofar nan: yabo ne, ko nufinsa ƙofa kaɗai na iya? Wani lokaci sai in ce ya gyara bishiyar ne don ya biya kuɗin zama da abin da ya iya, sai tausayi ya kama ni. Wani lokaci kuma in ce ya gyara ta ne don ya nuna wa 'ya'yana abin da ubansu ya kasa. Ke kin fi ni saninsa. Wanne ne?

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke ci mini rai, abin da ya fi tartsatsi zafi, shi ne wannan: me kika ɗauke ni? Mahaifinki ya rasa inda zai sa haƙarƙarinsa, kika ɗauko shi, kika yi daidai, Allah ya yi miki albarka. Sannan kika rufe ni kamar wani dodo, wata da watanni. Kin ɗauka zan ce a fitar da tsoho mai sanda waje saboda maganar da aka yi ana cikin fushi? Shekarun nan duka da muke raba lemo mai tsami muna dariya, ba su isa ki san zuciyata ba? Kika gwammace in ƙone da kishi a bakin kogi, in zargi mai furanni, in zargi bawan Allah mai guga, in zarge ki ke kanki da abin da ko a mafarki bai kamata ya ratsa ni ba, da ki buɗe baki ki ce, "Maigida, Baba yana gidanmu"? Kin ɗauki jinyarsa ke kaɗai, da aji, da yara, da ɓoyo, alhali kina da miji. Ko kuwa tsoron ba nawa ba ne, nasa ne, shi ya roƙe ki kada mai ƙona ƙarfe ya ji cewa a ƙarƙashin rufinsa ya ƙare? Idan haka ne ki gaya mini, zan gane. Namiji ne, ni ma namiji ne.

Ki amsa mini, ya tauraruwar da nake duba hanya da ita. Ba a waya ba, don za ki cinye ni da murya. Ki rubuto da jan biron naki, kuma kada kumatun hagu ya sa baki.

Ni kuma ga nawa alkawarin. Ƙarshen wata zan zo hutu, ta ƙofar gaba, da rana tsaka, da sallama. Ɗakin nasa ne muddin yana so. Kayan aikina a kai su sito, a sa masa kujera a wajen. Matattakalar banɗaki ta yi masa tsawo, na auna ta da ido, ina nan ina lanƙwasa masa abin dafawa da ragowar bututu a lokacin hutun rana. Tsanin katakon nan kuwa ki sa a kai shi gidan maƙwabci yau ɗin nan, kada ki saurari faɗansa. Na ga yadda gwiwarsa ke rawa a kai. Akwai lemo a can ƙololuwa da yake hari, na ga yana satar kallonsu. Ki gaya masa ya bar su. Ki ce surukinsa ya ce shi zai hau, shi kuma ya zauna a ƙasa ya nuna da sanda, ya yi faɗa iya son ransa. Zan ce to.

Ke kuma, mai laifina, abar zargina, wadda ko an tara matan duniya an ce in sake zaɓe ita zan nuna tun kafin a gama tambaya: ina fushi da ke, kuma ina son ki fiye da jiya. Zuciyata ba ta da wata ƙofar baya. Babu wadda ta taɓa leƙa ta, babu wadda za ta leƙa, a nan ko a ko'ina aiki ya jefa ni, har ranar da hannuna zai kasa riƙe ƙarfe, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa.

Naki jiya, naki yau, naki muddin ina numfashi,

Mijinki.